Ɗakin goyon mota na hannu: na katako, na faiba ko mai ɗaga rufi, wanne ya cancanci gyara?

Sukudireba ce ta hana ni sayen ɗakin goyo na farko da na je gani. A bayan gidan wani dattijo ne kusa da Olympia a jihar Washington, inda ruwan sama ba ya jin kunyar kowa daga Oktoba har Mayu. Ɗakin na tsaye kan ƙafafunsa huɗu, an lulluɓe shi da shuɗin tamfol, mai shi yana ta nanata cewa yoyon ɗan kaɗan ne, a gefen taga kawai. Na hau gadon sama, na ɗaga katifa, na ɗora bakin sukudireba a kusurwar gaba na danna a hankali. Sai ta shige har mariƙi, kamar an soka ta a dafaffiyar kabewa. Da na zaro ta, baƙin gari mai danshi ya biyo ta. Dattijon ya dubi ramin, ya dube ni, ya ce to in kawo rabin kuɗin. Na yi masa godiya na kama hanya.

Ga wanda bai taɓa gani ba, abin da nake kira ɗakin goyo ɗaki ne da ake zurawa a bodin a-kori-kura, mota ta goya shi kamar yadda uwa ke goya ɗa. Ba shi da taya, ba shi da inji. Akwai gado a saman kan direba, da ɗan madafi, da firji, wani har da banɗaki. In an dawo daga tafiya sai a ɗaga shi da jak huɗu, mota ta fice daga ƙarƙashinsa ta koma aikinta na yau da kullum. A yammacin Amurka da Kanada ya fi yawa, kuma tsofaffinsa sun cika shafukan saye da sayarwa na intanet irin su Craigslist da Facebook Marketplace, wasu ma kyauta ake bayarwa in dai za ka zo ka ɗauke. To amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Duk tsohon ɗaki yana buƙatar gyara. Abin da ya bambanta shi ne irin gyaran, kuma ƙirar jikin ɗakin ce ke faɗa maka wanne za ka tarar.

Kafin mu shiga ƙira, buɗe ƙofar direba ka karanta ƴar takardar nan mai rawaya da fari da ke manne a jikin ginshiƙi. A nan aka rubuta iyakar nauyin mutane da kayan da motarka za ta ɗauka, kuma wannan adadi ne ke yanke rabin hukuncin. Motocin da ake kira rabin tan, irin su Ford F-150 da Ram 1500 da Silverado 1500, galibi za ka ga laba 1,400 zuwa 2,000 a takardarsu. A ce taka laba 1,700 ce. Cire kai da maiɗakinka, a ce 350. Tankin ruwa mai galan 30 ya ci 250, domin galan ɗaya laba 8.3 ne. Tukunyar gas cikakkiya wajen 37. Baturan dalma biyu wajen 120. Abinci, tukwane, barguna, kayan gyara, da wuya su gaza 400. Abin da ya rage wa ɗakin kansa bai kai laba 600 ba, alhali tsohon ɗaki mai bango tsayayye mai tsawon ƙafa 8 kan fara ne daga wajen 1,500 ya yi sama. Sannan nauyin da masu ƙira ke rubutawa a jikin ɗaki sau da yawa bai haɗa da ƙarin kayan da aka ɗora daga baya ba, kamar na'urar sanyaya ɗaki da rumfa. Ƙarin sifirin ko jakar iska a baya na iya ɗaga gindin mota ta daina zama, amma ba su ƙara wa birki da taya da aksil ƙarfi ko na laba ɗaya.

Na katako shi ne mafi yawa a kasuwar hannu, kuma shi ne mafi araha. Kusan duk ɗakunan shekarun 1970 zuwa 1990 haka aka yi su, har da na manyan masu ƙira irin Lance, wanda ya fara aiki a Kalifoniya a 1965. Ƙashin jikin siraran katako ne da aka harbe da maƙalai, a ciki a manna siririn filawud, a waje a rufe da fallayen alminiyam masu shiga bakin juna, tsakani a cusa audugar gilas don tare sanyi. Duk inda aka huda wannan fata, wato taga, fitilun saman goshi, hular iska ta rufi, layin kusurwa, ƙofa ce ta ruwa. Idan ya shiga, audugar ta riƙe shi kamar soso, katako ya yi ta sha shekara da shekaru ba wanda ya sani. Wanda ya taso a gidan ƙasa ya san wannan labari: inda ɗigo ke sauka a ɗaki daban, inda rufin ya tsage daban, kuma kafin ka ga tabo a bango azara ta daɗe da ciwo.

Wurare uku ne ruɓa ta fi so. Na farko hancin gaba, inda gado yake, musamman in akwai taga a goshin. Na biyu fukafukan gefe, wato sashen da ke shawagi a kan bangon bodi, inda zoben ɗaure ɗaki da mota yake. Na uku kusurwoyi huɗu da aka ɗaura jak a kansu, kuma wannan ne mai haɗari, domin nauyin ɗakin gaba ɗaya a kansu yake rataya lokacin lodi. Jak ɗaya ya tumɓuke daga ruɓaɓɓen katako, ɗaki ya kifa, in an yi rashin sa'a a kan mota ko a kan mutum. Akwai wata dabara mai sauƙi ta gano inda ruwa ya bi: zare robar da ke rufe kan kusoshi a layin kusurwa, ka kwance ƴan kusoshi nan da can. Wadda ta fito fes, katakon wurin lafiya lau. Wadda ta fito da tsatsa, ko take juyawa ba ta kama komai, ta ba ka amsa.

Alherin ɗakin katako shi ne babu abin da ke jikinsa da kafinta bai sani ba. Zarto, guduma, gam, kusa mai zare, injin huda, shi ke nan. Ana kwance layin kusurwa, a ɓare fallayen alminiyam ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa, a jera su bisa tsari domin su za a mayar, a yanke ruɓaɓɓen katako har sai an kai ga fari mai ƙarfi, a dasa sabo. Sai dai a kula da abu huɗu. Kada ka fara ɓarewa ɗakin na tsaye kan jak. Sauke shi ya zauna da gindinsa kan dakali mai ƙarfi, ka tokare hancin gaba daga ƙasa, domin wannan siririn filawud na ciki da kake rainawa yana cikin abin da ke riƙe ginin. Kada ka sa katakon nan mai launin kore da aka jiƙa da maganin ruɓa ya taɓa alminiyam kai tsaye, tagullar da ke cikin maganin tana cin alminiyam. Kada ka kusanci silikon: idan ya saki ba abin da ke kama wurin, har sabon silikon ɗin. Abin da ake sawa ƙarƙashin bakin taga da layin kusurwa shi ne tef ɗin butil, wani ɗanko mai toka-toka da ba ya bushewa, a saman rufi kuma a bi kan kusoshi da gam mai malala irin na Dicor. Na huɗun shi ne wanda ke kayar da masu hannu da kyau, wato son ƙawa. Mutum ya cire filawud mai kaurin kwata inci ya mayar da na inci uku bisa huɗu, ya shimfiɗa tayil, ya yi kabad na katakon ok, ɗaki ya yi kyan gani ya ƙara laba 400. Gyaran gangar Abzinawa ke nan.

Abin da ɗakin katako ke ci ba kuɗi ba ne sosai, lokaci ne da wuri. A abin da na gani, duk ruɓar da ka hango daga waje, ka ninka ta uku kafin ka kai ga lafiyayyen katako. Kuma daga ranar da ka ɓare fatar, ɗakin tsirara yake. In ba ka da gareji mai tsayi ko rumfa, ruwan sama ɗaya zai mayar da kai baya. Shi ya sa za ka riƙa ganin tallan da ke cewa an gama kashi mafi wuya, saura haɗawa. Mai shi ya ɓare ne, hunturu ya riske shi, zuciya ta mutu.

Akwai wata ƙira da ke tsakiya wadda na fi jin tsoro fiye da katako, duk da ta fi kyan ido. Ita ce mai bango sumul, fari tas ba layi, wadda ta yawaita daga ƙarshen shekarun 1990. Bangon nata manne yake hawa-hawa: siririyar faiba a waje, siririn filawud a bayanta, soso mai tauri da bututun alminiyam a tsakiya, an shafe da gam an matse su a masana'anta suka zama allo ɗaya. Mai sayarwa zai ce maka ƙashinta alminiyam ne, ba ya ruɓa. Gaskiya ne, amma filawud ɗin da ke bayan faibar yana ruɓa, kuma da ya jiƙa sai fatar ta saki ta kumbura. Tsaya a ƙarshen bangon da hantsi ko da la'asar, lokacin da rana ke bugunsa a karkace, ka duba tsawonsa. In ka ga tudu-tudu kamar bororo, danna da tafin hannu; in ya lotsa ya dawo, ya saki. Ƙaramin wuri ana iya ɗura masa gam mai ƙarfi da sirinji a matse da katako kwana biyu. Babba kuwa sai dai sabon bango, kuma injin da ya matse na farkon ba a garejin kowa yake ba. Waɗanda aka yi daga baya da allon roba irin Azdel a madadin filawud sun fi jure wannan ciwo. In mai bororo ce, komai arahar ta, ni dai na bar wa mai rabo.

Na faiba zalla labarinsa daban. Northern Lite da ke Kelowna da Bigfoot da ke Armstrong, duka a lardin British Columbia na Kanada, su suka yi suna a wannan ƙira. Kamar kwale-kwale ake zuba shi a mazubi, ɓari biyu, na sama ya kife kan na ƙasa kamar ƙwarya da murfinta. Ba layin kusurwa, ba ɗinki a rufi, don haka yawancin ƙofofin ruwan da muka lissafa babu su. Abin da ya rage tagogi ne da hular iska da ƙananan ƙofofin waje, kuma gyaransu aikin ƙarshen mako ne: a ciro, a kankare tsohon ɗanko, a sa sabon butil, a mayar. Fatar da rana ta dusashe ana goge ta ta dawo da sheƙi, tsaga kuma ana cike ta da ƙyallen faiba da ruwan gam, irin aikin da masu gyaran jirgin ruwa ke yi kullum. A sanyi ma ya fi kowa daɗi.

Kada dai a ɗauka faiba na nufin babu katako. Daɓen ƙasa da maƙalan kabad da abin da ke bayan jak duk akwai katako a ciki, kuma idan taga ta shekara biyar tana yoyo, ƙwaryar da ta hana ruwa shiga ita za ta hana shi fita. Taka kowane lungu na daɓen da dunduniya. Sannan bangon a lanƙwashe yake, wanda ke son rushe ciki ya sake tsari zai sha fama da awo, jan sabuwar waya a bayan rufin ciki ma sai da haƙuri. Babbar matsalarsa biyu ce: tsada da nauyi. Masu shi sun san abin da ke hannunsu, ɗan shekara 20 ma ba ya faɗuwa warwas a kasuwa. Kuma manyansu, masu banɗaki, in an cika ruwa da kaya sukan haura laba 3,000, wanda ke nufin motar da ake kira tan ɗaya, wato F-350 ko Ram 3500 ko makamancinsu. In sai ka sauya mota kafin ka ɗauke shi, to kuɗin motar ma na cikin kuɗin gyaran.

Sai mai ɗaga rufi. A hanya a durƙushe yake, bai fi kan mota da yawa ba, in an isa masauki a tura rufin sama, bangon tamfol ya miƙe. Wanda aka fi sani shi ne Four Wheel Campers, da ya fara a Kolorado a 1972, yanzu yana Woodland a Kalifoniya. Ƙashinsa alminiyam ne da aka yi wa walda, shi ya sa ɗan shekara 35 ma za ka tarar ƙashin nan garau. Abin da ke mutuwa a jikinsa sananne ne: tamfol ɗin ya tsage ko ya yi fumfuna, allunan da ke tokare rufin gaba da baya su ruɓe, filawud ɗin gindi ya sha ruwa. Duka ukun ana sauya su ba tare da an rushe ɗakin ba, tamfol ɗin ne kawai ke son tela mai keken ɗinkin tamfol, ko a saya ɗinkakke. Da yawansu nauyinsu na tsakanin laba 800 da 1,300, don haka su ne kaɗai rabin tan ke iya goyawa ba tare da an yi wa takardar ƙofa ƙarya mai yawa ba. Ƙananansu har Toyota Tacoma, ƙanwar Hilux ta Amurka, tana ɗauka.

Abin da za ka sadaukar shi ne jin daɗi. Yawancinsu ba banɗaki. Sanyi na ratsa tamfol, da asuba raɓar numfashi na ɗiga daga sandunan rufi. In ka naɗe shi a jiƙe sai ka buɗe shi ya sha iska da ka isa gida. Wasu masaukai a yankin da ke da beyar, wata babbar dabbar daji, ma ba sa karɓar mai bangon tamfol. Fishing Bridge da ke gandun Yellowstone mai bango tsayayye kawai yake karɓa. Akwai kuma tarkon awo: wasu na shekarun 1980 an yi gindinsu da faɗi daidai da motocin zamaninsu, ba sa shiga bakin bodin motar yau sai an rage faɗin. Mai son rufi mai sauka amma bango mai tauri sai ya nemi Alaskan, wanda rabinsa na sama ke hawa da ƙarfin man haidirolik. Shi ƙashinsa katako ne, ya fi nauyi, kuma duk abin da na faɗa kan ruɓa ya shafe shi.

Wannan batun awo ya shafi kowace ƙira. Motocin yanzu kansu ya fi tsayi, bangon bodinsu ma haka, don haka tsohon ɗaki kan buƙaci dakalin katako a ƙarƙashinsa kafin hancinsa ya tsallake rufin mota. Kuma a gefen ɗaki akan sa alamar tsakiyar nauyi; dole ta faɗo a kan aksil ɗin baya ko gabansa. Ɗakin da aka yi wa bodi mai ƙafa 8, in ka zura shi a mai ƙafa 5 da rabi, nauyin ya koma bayan taya, gaban mota ya yi sako-sako, sitiyari ya daina jin magana.

Kayan ciki kuwa kusan ɗaya ne a duka ƙirar, kuma nan ne kuɗi ke zurarewa ba a ankara ba. Tsohuwar firji mai aiki da gas, in ka buɗe ƙofarta ta waje ka ji warin amoniya ko ka ga garin rawaya a kan bututu, ta mutu, kada ma a kunna ta. Da yawa yanzu firji mai kwamfuresa ta wutar batir mai bolt 12 suke mayarwa, wadda ba ta damu da ko mota ta tsaya a karkace ba, amma tana jawo batir mai kyau da faifan sola. Batirin litiyam mai amfiya-awa 100 bai kai rabin nauyin na dalma ba, kuma ana cin kusan duk wutarsa, na dalma kuwa rabi ake ci in ana son ya yi ƙarko. Sai dai ba a caja litiyam in sanyi ya kai na daskarewar ruwa, kuma tsohuwar cajar ɗakin ba lalle ta dace da shi ba. A Amurka, tukunyar gas da ta shekara 12 da ƙira sai an sake gwada ta kafin a cika maka. Tiyon gas da abin daidaita ƙarfinsa, da na'urorin jin warin gas da hayaƙi mai kisa, waɗannan ba na tsayawa duba su, sababbi nake sawa. In bututun ruwan toka-toka ne irin na kafin tsakiyar shekarun 1990, a sauya shi da bututun roba na zamani da ake kira PEX tun bango na buɗe. Batun takarda ma a tambaya tun wuri: yawancin jihohi kaya suke ɗaukar ɗakin goyo, amma Washington da Oregon na neman takardar mallaka, kuma ɗakin da aka ba ka kyauta sau da yawa takardarsa ta ɓata tun tuni.

To wanne? Mai rabin tan ba shi da dogon zaɓi, mai ɗaga rufi ne, ko ya sauya mota. Mai tan ɗaya da kuɗi a hannu, wanda ke son tafiya bana ba baɗi ba, ya biya tsadar faiba ya huta, gyaransa goge-goge ne da sauya ɗanko. Na katako na mai hannu ne da rumfa da hunturu guda da zai sadaukar, kuma ko shi, ya zaɓi wanda ruɓarsa ta tsaya wuri ɗaya. Hanci kaɗai ana gyarawa, kusurwa ɗaya ana gyarawa. In hanci da fukafukai da kusurwoyin jak duk sun tafi, ba gyara za ka yi ba, sabon ɗaki za ka gina a cikin tsohuwar fata, kuma gara ka san haka tun kafin ka biya. Abin da irin wannan ke da shi na daraja tagoginsa ne da murhu da jak, in suna aiki.

Ni da rabin tan ɗina, mai ɗaga rufi na ƙarshen shekarun 1980 na ƙare a kai, bayan na duba bakwai. Tamfol ɗinsa ya yi baƙi da fumfuna, allon tokare na gaba ya rabu biyu, amma sukudireba ta ƙi shiga ko'ina sai kusurwa ɗaya ta gindi. Wata uku na ƙarshen mako ya ci. Na cire murhun dumama da tsohuwar firji, na bar tankin ruwa ƙarami, na hana kaina tayil ɗin da maiɗakina ta nuna mini sau biyu. Ranar da na gama, na cika ruwa da gas, muka loda kaya kamar za mu tafi, muka hau sikelin CAT a tashar manyan motoci da ke kan babbar hanyar I-5. Takardar ta fito da nauyin gaba daban, na baya daban. Saura laba 90 mu cike iyakar motar, kuma akwatin kayan gyarana na gida ban ɗauko ba.